Sharhi kan BD Multitest CD3/CD8/CD45/CD4: antibodin ɓera huɗu a kwalba ɗaya, da abubuwan da ke ɓata ƙidayar CD4

'Yar ƙaramar kwalba ce, ruwan da ke cikinta mililita 1, na gwaji 50, kowane gwaji mikrolita 20. Kamfanin BD Biosciences na Amurka ke haɗa ta. Aikinta ƙidaya fararen ƙwayoyin jini irin waɗanda ake kira limfosait na T, da raba su gida biyu: masu ɗauke da furotin CD4 a fatarsu da masu ɗauke da CD8. Ana rina jinin da ruwan kwalbar, sai na'ura mai hasken leza ta ƙidaya ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, ta nuna su a taswira a kan allo. Ana sayen ta ita kaɗai, ko tare da kwalaben gwaji na Trucount, waɗanda ke ba da adadin ƙwayoyi a kowace mikrolita ta jini kai tsaye, ba sai an haɗa da sakamakon wata na'ura ba. Ra'ayinmu a kanta tun daga farko shi ne: kaya ne mai kyau ƙwarai, amma na ɗakin gwajin da ke da wuta, da sanyi, da ma'aikaci mai natsuwar hannu. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya yi rauni, za ta fitar da lamba mai kyan gani wadda ba gaskiya ba ce, kuma da ita likita zai yi aiki.

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa a ɗora duk mai ƙwayar HIV a kan magani ba tare da jiran CD4 ta sauka ba, wasu suka ɗauka zamanin wannan gwaji ya wuce. Bai wuce ba. Lafiyayyen babban mutum yakan kasance da ƙwayoyin CD4, waɗanda HIV ke kashewa, 500 zuwa 1,500 a mikrolita. Wanda tasa ta yi ƙasa da 200, cutar ta yi nisa a jikinsa ko da ya shigo asibiti da ƙafarsa yana dariya, kuma a nan ne ake duba masa ƙwayar kiriftokokos mai jawo sanƙarau, a nemi tarin fuka ta gwajin fitsari, a tsananta rigakafi. Lambar 200 ɗin nan ita ce dalilin da ya sa muka damu da kowace mikrolita a wannan sharhi.

Me ya kawo ɓera cikin jinin mutum

Jikin kowace dabba an hore shi kada ya yaƙi kansa. Antibodi furotin ne na garkuwa da ke manne wa abin da jiki ya ɗauka baƙo, ƙwayoyin B ne ke yin sa. Mutum ba ya yin antibodi mai ƙarfi a kan CD4 ɗinsa, don tun a ɓargo ake kawar da ƙwayoyin B da za su yi hakan. Ɓera kuwa yana da tasa CD4, amma jerin amino asid ɗinta bai yi daidai da na mutum ba sai a kaɗan fiye da rabi. Saboda haka idan aka yi wa ɓera allurar ƙwayoyin T na mutum, garkuwarsa za ta ga wuraren da suka bambanta a matsayin baƙi, ta yi musu antibodi. Matsalar ita ce jinin wannan ɓera gauraye yake da ɗaruruwan antibodi daban-daban, kuma in ɓeran ya mutu shi ke nan.

Georges Köhler da César Milstein ne suka warware wannan a Kambirij ta Ingila a 1975, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne. Ana ciro saifar ɓeran, a haɗe ƙwayoyin B da ke cikinta da ƙwayoyin wata sankarar ɓera da ba sa daina haihuwa. Abin da ya fito daga haɗin ya gaji antibodi ɗaya tak daga uwa, ya gaji rashin mutuwa daga uba. Sai a rarraba su ɗaya-ɗaya a cikin ramukan faranti, a yi ta gwadawa har a samu wadda ke kama abin da ake so. Ita da 'ya'yanta su ne zuriya guda, kuma duk antibodin da zuriyar za ta yi har abada wuri ɗaya zai kama a jikin furotin ɗaya. Da zuriyoyi suka yi yawa, kowane ɗakin bincike da nasa suna, sai aka zauna a Faris a 1982 aka fara tara waɗanda ke kama furotin ɗaya a ƙarƙashin lamba ɗaya. Asalin lambobin CD ke nan, yau sun haura 370.

Zuriya huɗu ne a wannan kwalba, dukkansu nau'in IgG1 na ɓera. SK7 tana kama sarƙar efsilon ta CD3, wadda ke manne da na'urar gane baƙo a jikin kowace ƙwayar T da ta balaga. An rataya mata rini mai ƙyalli FITC, mai ba da kore. SK1 tana kama sarƙar alfa ta CD8, rininta PE, ruwan lemo. 2D1 tana kama CD45, furotin da ke jikin duk fararen ƙwayoyi amma babu shi a jajaye, rininta PerCP. SK3 kuma ita ce ta CD4, rininta APC. Tsofaffin ma'aikata sun san uku daga ciki da sunayen farkon shekarun 1980: Leu-4, Leu-2a da Leu-3a. Shekara arba'in da ɗoriya ana aiki da su, halinsu a rubuce yake ciki da bai, kuma wannan tsufan babban abin yabo ne a kayan asibiti.

Gurbin kamu, da dalilin da SK3 ta fi dacewa da jininmu

Antibodi ba ya rungumar furotin gaba ɗaya. Siffarsa kamar itace mai reshe biyu, a ƙarshen kowane reshe akwai lanƙwasa shida, uku daga sarƙa mai nauyi, uku daga marar nauyi. Waɗannan lanƙwasoshi ne ke kwanciya a kan wani ɗan fili na jikin furotin, wanda bai wuce amino asid 15 zuwa 20 da 'yan kai ba, kamar yadda murfi ke zama a bakin tukunyarsa. Babu ɗauri na dindindin a tsakani. Dacewar siffa ce, da jan da caji ke yi wa kishiyarsa, da guje wa ruwa. Ɗan filin nan shi muke kira gurbin kamu, kuma sau da yawa amino asid ɗin da suka haɗa shi ba maƙwabta ba ne a jeri, naɗewar furotin ce ta kawo su kusa. In furotin ya warware ko ya ƙandare, gurbin ya ɓace.

A nan ne gizo ke saƙar. CD4 tana da sassa huɗu a wajen ƙwaya, D1 a can sama, D4 kusa da fata. SK3 tana kama D1, kusa da inda furotin gp120 na HIV ke damƙa. Wata tsohuwar zuriya mai suna OKT4, wadda har yau ana sayar da ita don bincike, tana kama D3. To akwai mutanen da suka gaji sauyin harafi guda a ƙwayar gadon CD4, wanda ya sa amino asid na 240 ya zama tiriftofan maimakon arjinin. CD4 ɗinsu tana nan, tana aiki, amma OKT4 ba ta ganin ta. Wanda ya gaji sauyin daga iyaye biyu, in aka gwada shi da OKT4 sai a ga kamar ba shi da ƙwayar CD4 ko ɗaya. Wanda ya gaji daga ɓangare ɗaya, haskensa ya ragu kusan rabi. Wannan sauyi ya fi yawa a mutanen da asalinsu Afirka ne, a Turawa kuwa da wuya a gan shi. SK3 ba ruwanta da amino asid na 240, tana kama nata gurbin yadda ta saba.

Shi ya sa muke jan kunnen masu bincike a jami'o'inmu da ke haɗa nasu antibodin ɗaya-ɗaya don rage kuɗi. Rubutun "CD4" a jikin kwalba bai isa ba, a duba sunan zuriyar. Ɗalibin da ya sayi OKT4 ya gwada jinin mutum ɗari a Kano ko Zariya zai iya cin karo da wasu lafiyayyu da zai rubuta musu sifili, alhali laifin zaɓin zuriya ne. Multitest ta ɗauke wa mai aiki wannan haɗari tun daga masana'anta.

Wannan tsananin zaɓe yana da wata fuskar. Antibodin nan na mutum ne. SK1 tana kama CD8 na wasu birai, amma SK7 ba ta kama CD3 na birin makak, shi ya sa masu aiki da birai ke komawa ga zuriyar SP34. Jinin saniya, akuya ko kaza kuwa kada ma a ɓata ruwan a kansa.

Dalilin haɗa huɗu

Da CD4 kaɗai za a ƙidaya, da an yi kuskure, domin monosait, wasu manyan fararen ƙwayoyi, su ma suna ɗauke da CD4, sai dai kaɗan. Ƙwayar T mai taimako, wato mai CD4, tana ɗaukar antibodin SK3 kusan 50,000, monosait kuwa ƙasa da haka nesa. A jinin mai lafiya ana iya raba su da ido a kan allo. A jinin wanda CD4 ɗinsa ta ragu zuwa 30, monosait sun fi ƙwayoyin da ake nema yawa, kuma kaɗan daga cikinsu in suka tsallako shingen da ake zana wa ƙwayoyin da ake ƙidaya a allo, sai lambar ta ninka. CD3 ce ke tsare wannan ƙofa: monosait ba su da ita. Haka nan CD8 tana jikin wasu ƙwayoyin NK, wani nau'in limfosait da ba T ba, da rauni, su ma CD3 ce ke fitar da su.

CD45 kuwa ita ce ginshiƙin tsarin. A da ana zagaye limfosait ne da girma da kaurin ciki kawai, sai tarkacen jajayen ƙwayoyi da suka fashe su cika shingen. Yanzu ana ɗora hasken CD45 a kan warwatsuwar haske ta gefe: limfosait su taru a kusurwa guda, CD45 mai ƙarfi, warwatsuwa kaɗan. Wannan yana da amfani na musamman a wurarenmu saboda masu sikila. Jininsu yakan zo da jajayen ƙwayoyi masu cibiya waɗanda ruwan fasa jajayen ƙwayoyi ba ya cin su da sauƙi, kuma girmansu ya yi kusa da na limfosait. Tun da 2D1 ba ta kama su da ƙarfi, sai su faɗi can ƙasa, wajen shinge.

Aikin da hannu

Jini a kwalbar EDTA mai shunayyan murfi, a cika ta zuwa layinta, a juya ta a hankali tun a wurin ɗiba. A ajiye a digiri 20 zuwa 25, ba a firij ba. Takardar kamfanin ta ba da awa 48 daga ɗiba zuwa rini, da awa 24 daga rini zuwa karantawa.

A ciro kwalbar Trucount daga jakarta a duba gindinta. Akwai 'yar ragar ƙarfe, a ƙarƙashinta wani farin ƙullutu busasshe. Ƙullutun nan dunƙulen ƙananan duwatsu ne masu ƙyalli, kuma adadinsu a rubuce yake a jikin jakar. Idan ƙullutun ya farfashe, ko ya tsallako saman ragar, a jefar da kwalbar. A duba ƙunshin shanye laima da ke cikin jakar: shuɗi ya kamata ya kasance, in ya koma shunayya mai haske laima ta shiga, sauran kwalaben sun tashi aiki. Kwalbar da aka ciro a yi amfani da ita cikin awa 1, jakar da aka buɗe kuma cikin wata 1, a riƙa matse iska ana rufe ta da kyau. A damina, lokacin da gishiri ma ke jiƙewa a kicin, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A zuba mikrolita 20 na antibodin a jikin bangon kwalbar, daf da saman ragar, ba tare da bakin fifet, abin auna ɗiban ruwa, ya taɓa ƙullutun ba. Sannan a juya jinin sosai a ɗebi mikrolita 50.

Duk ingancin gwajin a kan wannan ɗiba ya rataya. Jini yana da kauri, yana manne wa cikin bakin fifet, don haka ɗiba irin ta ruwa takan ba da ƙasa da abin da aka saita. Ɗibar baya ake yi: a danna fifet har tsayawa ta biyu, a tsoma, a saki a hankali ya ja fiye da buƙata, sannan a zuba ta hanyar dannawa zuwa tsayawa ta farko kawai. Ragowar da ta rage a baki ba ta shiga kwalba, da bakin ake jefar da ita. A sauke jinin daf da saman ragar. Ɗigon da ya shafu a can saman bango ba zai haɗu da antibodi ba, amma ruwan fasawa zai wanko shi daga baya, ya shigo lissafi ba rini a jikinsa.

A rufe, a girgiza kaɗan a na'urar girgizawa, a sa a duhu minti 15 a digiri 20 zuwa 25. Sai a ƙara mikrolita 450 na ruwan FACS Lysing, a sake girgizawa, a mayar duhu wani minti 15. Ruwan fasawar yana zuwa ne da ƙarfi ninki goma. Ana sirka kashi 1 da kashi 9 na ruwan da aka cire wa gishiri, kuma sirkakken yana yin wata 1. Ruwan famfo, ruwan leda ko ruwan gishirin asibiti ba su shiga nan: in ruwan yana da gishiri jajayen ƙwayoyi ba za su fashe yadda ya kamata ba, samfurin zai fito da duhu-duhu maimakon ja garau da ake hango rubutu ta cikinsa.

Kada a sauya jerin. Ruwan fasawar yana ɗauke da fomaldihaid, wanda ke ƙandarar da furotin. In antibodi ya riga ya kama, ƙandarewar tana riƙe komai a wurinsa. In aka fara zuba ruwan fasawa, wasu guraben kamu sun lalace kafin antibodi ya iso. Kuma ba a wankewa, ba a juyawa a na'urar da ke raba ƙwayoyi da ruwa. Duk wanki yana tafiya da wasu ƙwayoyi da wasu duwatsu, ba kuma daidai da daidai ba.

Lissafin mai sauƙi ne. A raba ƙwayoyin da na'ura ta gani da duwatsun da ta gani, a ninka da adadin duwatsun kwalbar, a raba da mikrolita 50. A ce jakar ta ce duwatsu 50,000, na'ura ta ga ƙwayoyi masu CD3 da CD4 guda 1,200 da duwatsu 5,000: sakamako 240 a mikrolita. Yanzu a lura da inda lissafin ya yarda da mutum ido rufe. Ya ɗauka 50 aka zuba. Mara lafiya mai ƙwayoyi 190 na gaskiya, in fifet ɗin ya zuba 55, takardarsa za ta nuna 209, ya koma gida ba a duba masa sanƙarau ba. Babu wata alama a allo da za ta nuna an yi haka, taswirar za ta fito tsaf. Wannan shi ne babban raunin tsarin duwatsu gaba ɗaya, kuma maganinsa fifet da aka auna. Araha ba ta ado: wanda ya sayi wannan kaya ya haɗa shi da fifet ɗin da ba a taɓa gwada shi a kan sikeli ba ya zubar da kuɗinsa. Gwajin ba wuya, mikrolita 50 na tataccen ruwa nauyinsa miligiram 50 ne ko kusa ƙwarai. A auna sau goma a ga ko suna faɗuwa wuri guda.

Kuskure na biyu mai kama da wannan: adadin duwatsu yana sauyawa daga rukuni zuwa rukuni. In aka buɗe sabuwar jaka mai 48,000 amma manhajar na riƙe da tsohuwar lamba 52,000, duk sakamakon ranar ya hau da kusan kashi 8 cikin 100.

A gaban na'ura

Kayan yana buƙatar na'ura mai leza biyu, shuɗiya ta nanomita 488 don FITC, PE da PerCP, da ja ta wajen 635 don APC. FACSCalibur mai leza biyu, FACSCanto II da FACSLyric duk suna ɗauka. Ɗora CD4 a kan APC dabara ce mai kyau: rinin yana da haske, yana kan tasa lezar, don haka ƙwayoyin da aka fi damuwa da su suna rabuwa fes da saura. Sai dai duk ranar da jar leza ta raunana ko saitin lokacin da ke tsakanin lezojin biyu ya goce, CD4 ce ke fara dusashewa yayin da sauran launuka uku ke nan lafiya. In aka ga haka a samfura da yawa a jere, a duba na'ura kafin a zargi kwalba.

Koren FITC yana kutsawa cikin ma'aunin PE, don haka sai an saita cire wannan kutse da duwatsun saiti kowace safiya. In an cire ƙasa da kima, ƙwayoyin T marasa CD8 za su ɗaga sama kamar suna da ita kaɗan. Ana sa matakin farawa a kan hasken CD45, ba a kan girma ba, don kada a yanke duwatsun. A tara aƙalla limfosait 2,500. Manhajar tana zana shinge da kanta, kuma a sabon jini takan yi daidai, amma a duba kowace taswira da ido. A tsohon jini ko wanda ya sha zafi, ƙwayoyin da ke mutuwa suna rasa kaurin cikinsu su gangaro kusa da limfosait, manhajar kuma ba ta san tarihin samfurin ba.

Akwai awo na cikin gida da ya kamata ya zama al'ada: kason CD4 da na CD8 in an haɗa su zo kusa da jimillar CD3, tazarar kada ta wuce 5 cikin 100. In ta wuce, ko dai shinge ya karkace, ko mutumin yana da yawan ƙwayoyin T irin na gama-delta waɗanda galibinsu ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Na biyun ba kuskure ba ne, halin jininsa ne, amma sai an kawar da na farkon kafin a faɗi haka.

Inda jikin mutum ke kama ɓera ta wutsiya

Antibodi yana da gindi, kuma monosait da wasu fararen ƙwayoyi suna da hannayen da ke riƙe gindin antibodi ko da kansa bai kama komai ba. Nau'in IgG2a na ɓera ya fi faɗawa wannan tarko, domin CD64 na mutum, ɗaya daga waɗannan hannaye, tana riƙe shi da ƙarfi. IgG1 ya fi sauƙi, ga shi kuma a wannan tsari ana rini ne a cikin cikakken jini, inda antibodin mutumin kansa ya riga ya cike waɗannan hannaye. Don haka hasken bogi kaɗan ne a nan, kuma ba a buƙatar ƙarin ruwan toshewa.

Zaman ruwan jinin a cikin kwalba yana da nasa kuɗin. Wasu mutane suna da antibodin da ke yaƙar furotin ɓera, musamman waɗanda aka taɓa yi wa magani ko hoto da antibodin ɓera. Irin wannan yakan haɗe antibodin gwajin da juna, sai a ga ƙwayoyi sun jeru a karkace a tsakiyar taswira kamar suna da CD4 da CD8 a lokaci guda. Da wuya a gamu da shi, amma wanda ya san siffarsa ba zai rubuta sakamakon ba. Wasu magunguna ma suna iya rufe gurbi: OKT3, antibodin ɓera na farko da aka amince a yi wa mutane magani da shi a 1986, yana kama wuri kusa da na SK7, yana kuma sa ƙwayar ta janye CD3 ciki. Takardar neman gwaji ta riƙa nuna magungunan da mara lafiya ke sha.

Zafi, wuta, da wanda ya kamata ya saya

Kwalbar antibodi tana zama a digiri 2 zuwa 8, a duhu, ba a daskarar da ita. Daskarewa tana lalata PE da APC, domin su kansu manyan furotin ne da aka samo daga tsirran ruwa. Firijin gida da ake turawa ƙarshen sanyi saboda tsoron ɗaukewar wuta yakan daskarar da abin da ke jingine da bangon baya. A sa kwalbar a tsakiya, a ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a gefenta. Ruwan antibodin yana da sodiyom azaid kashi 0.1 cikin 100, guba ne, kuma in ana zuba shi a bututun ƙarfe sai a bi shi da ruwa mai yawa.

Jinin ne ya fi shan wuya. A Sakkwato, Maiduguri ko Zinder, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, cikin but ɗin mota kuwa ya fi haka. Awa 48 da takarda ta faɗa na jinin da ya zauna a 20 zuwa 25 ne, ba na wanda ya yini a bayan babur ba. A ɗauko shi a akwatin sanyi da ƙanƙarar roba da aka bari ta saki, a raba ta da kwalaben da kwali ko soso don kada su taɓa ta. A kuma riƙa ɗibar mutum ɗaya a lokaci ɗaya na yini, domin CD4 tana sauka da safe ta hau da yamma. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kason CD4 ake kallo fiye da adadi, kuma a nan Multitest ta fi na'urorin da ke ba da adadi kawai, tun da tana ba da duka biyun daga kwalba ɗaya.

Abin da ba mu so a kayan shi ne ɗaurin da yake yi wa mai saye. An gina shi ne don na'urorin BD da manhajarsu, don haka kuɗin bai tsaya a kwalba ba: akwai duwatsun saiti, jinin awo na yau da kullum irin su Multi-Check, ruwan gudu, ruwan wanki, da injiniyan da zai zo in leza ta mutu. Kuma ba ya ganin ƙwayoyin B da NK. Mai neman cikakken hoto, kamar a yaron da ake zargin an haife shi da raunin garkuwa, sai ya ƙara 'yar'uwarta mai CD3, CD16 da CD56, CD45 da CD19. Don gano sankarar jini kuwa launi huɗun nan ba su isa ko kusa ba.

Asibitin koyarwa ko babban ɗakin gwaji mai karɓar samfura daga wurare da yawa, mai inbata ko sola da ke riƙe firij da na'ura, mai shiga tsarin awo na waje irin na UK NEQAS, wannan kaya nasa ne, kuma muna ba da shawarar a saye shi tare da Trucount. Ƙaramin asibitin da ke ganin mutum biyar a mako, abin da yake buƙata shi ne sanin ko mutum ya yi ƙasa da 200 a ranar da ya zo, kuma ƙaramar na'urar tebur, ko tsinken gwaji na VISITECT, sun fi dacewa da shi. Su ma da antibodi irin wannan suke aiki, sai dai an busar da shi don ya jure hanya.

Wanda zai saya ya tambayi dillali abu uku kafin ya sa hannu: takardar zafin da kayan ya bi daga tashar jirgi zuwa ƙofarsa, ranar ƙarewar aiki ta kwalbar da ta jakar Trucount kowacce daban, da ko lambar rukunin duka kayan ɗaya ce. In sabon rukuni ya iso, kada a jira tsohon ya ƙare. A ɗauki jini biyar, har da aƙalla biyu masu ƙasa da 200, a rina kowanne da tsoho da sabo a rana ɗaya, hannu ɗaya, fifet ɗaya, a ajiye takardar kwatancen a fayil ɗin na'urar.